Madubin Ardo a Gwangwanin Kuka

Shagona na ɗinki yana kallon shagon Alhaji Magaji Mai Tabarau a kasuwar Tudun Wada. Kwata ɗaya ce ta raba mu, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi shi, har ma wani ɓangaren a kan rufin shagona.

Alhaji ya shekara talatin da wani abu yana sayar da tabarau na karatu da na rana, da madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda makiyaya suke ratayawa a wuya. Da ciwon gwiwa ya fara hana shi zaman shago, sai maganar wanda zai riƙe mukulli ta taso. 'Yarsa Zulaihat ta san kayan nan kamar yunwar cikinta, don tun tana ƙarama take goge masa gilasai. Amma mijinta Balarabe ya fi ta baki. Balarabe mutum ne da idan ya fara bayanin abin da bai sani ba, kai da ka sani sai ka soma shakkar kanka. Ya yi kiwon kaji sun ƙare, ya sayar da ƙanƙara ta narke, kuma har yau idan ka tambaye shi zai ce kajin ne da ƙanƙarar ba su fahimci tsarinsa ba.

Ya yi ta zarya gidan surukinsa har Alhaji ya gaji, ya miƙa masa mukulli a kan gwaji zuwa ƙarshen kaka.

"Ka riƙa goge gilashi da ƙyalle mai laushi," in ji Alhaji. "Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Kuma ko waye ya zo, kada ka ɗauki alkawarin aika kaya ƙetaren teku."

"An gama, Baba," in ji Balarabe.

Washegari da sassafe ya kawo mai fenti. Kafin azahar sabon allo ya hau saman shago: BALARABE DA SURUKINSA, MASU TABARAU NA ƘASA DA ƘASA. MUNA AIKAWA KO'INA A DUNIYA. A gefe an zana jirgin sama. Uzairu mai shayi, wanda teburinsa yake jikin shagona, ya tsaya da ludayi a hannu yana kallo.

"Balarabe, wannan tarwaɗar ta Tiga ce ko ta tafki?"

"Jirgi ne, jahili."

"Au. Ka taɓa shiga?"

"Na taɓa raka wanda ya shiga."

"Har ina?"

"Har tasha. Ka ga Uzairu, ka tsaya a kan shayinka, harkar ƙasashen waje ba ta mai tafasa ruwa ba ce."

Sati biyu babu wanda ya kula da allon sai tsuntsaye. Ran nan, ranar kasuwa, Alhaji ya lallaɓo da sandarsa ya zauna a benci ya miƙe ƙafa. Allon ya riga ya gani, ya kalle shi sau ɗaya ya kau da kai. Ana nan sai ga Ardo Mudi daga rugarsu ta gefen Falgore, dogon dattijo da malafa, da tsohon madubinsa a wuya wanda ya saya a wurin Alhaji shekaru da dama. Aka gaisa, aka tambayi iyali da shanu da ruwa da ciyawa. Sannan Ardo ya nuna allo da sandarsa.

"An karanta mini wancan. Ɗana Mas'ud yana ƙasar Katar yana yi wa wani Balarabe kiwon raƙuma."

"Sunana ne ma ya riga ni zuwa," in ji Balarabe.

Ardo bai ko kalle shi ba. "Ya ce mini dajin can babu itace ko ɗaya da mutum zai hau ya hango dabba. Hankalina bai kwanta ba. Ina so a aika masa irin wannan nawa, sabo."

Alhaji ya gyara zama. "Ardo, don Allah ka ji shawarata. Ka ce masa ya saya a can. Madubin nan a ido kamar ƙarfe yake, amma cikinsa gilasai ne ƙanana a jere, an saita su daidai da juna. Ya bugu sau ɗaya, saitin ya goce, sai ka ga saniya ɗaya ta zama biyu. Kayan jirgi kuwa jefa su ake yi. Ga zafi, ga laima, idan ta shiga ciki gilashin ya yi fumfuna babu mai goge shi. Ga 'yan kwastan, nan da can, kowa sai ya buɗe ya tambayi me za a hanga da shi. To ya isa a lalace, laifin wa? Ni in ce na masu jirgi, su su ce nawa, kai kuma ka daina gaishe ni. A dawo da shi gyara, wahalar dawowar ta fi madubin. Manyan dillalai na Kano ma da suka fi ni komai ba sa yarda."

"Tsoro ne, Baba," in ji Balarabe. "Tsoron mutanen da. Ardo, ni zan aika. Kuma na ba ka garanti a gaban jama'a: idan ya isa da ko ƙwarzane ɗaya, ni da ƙafata zan je Katar in gyara."

"Da ƙafa?" in ji Uzairu daga teburinsa. "To ka kama hanya yau, don ka riga shi isa."

Alhaji ya daɗe yana kallon surukinsa. Ni na san wannan kallon, shi yake yi wa gilashin da ya tsage kafin ya jefa shi a kwando.

"Shi ke nan," ya ce. "Idan Mas'ud ya ɗora shi a ido ya ga raƙumi sosai, mukulli ya zama naka har abada, ba zan ƙara sa maka baki ba. Idan bai gani ba, a ranar za ka miƙa wa Zulaihat."

"Baba, ka ce mata ta ci gaba da tuƙa tuwo."

Aiki ya fara da kwali. Madubin ya zo daga kamfani a cikin kwalinsa, da soso da aka yanka daidai jikinsa. Balarabe ya zare madubin, ya yi jifa da kwalin, sosan kuma ya ɗaure a kan sirdin babur ɗinsa. Daidai lokacin Zulaihat ta kawo masa abincin rana.

"Baban Nabila, ina kwalin?"

"Kwalin nan talla ne ga ɓarayi. Ga hoton abin ɓaro-ɓaro a jiki."

"To a me za ka sa shi?"

"Zulai, ƙwan zabi da gilashi wa ya fi saurin fashewa?"

"Ƙwai."

"Yauwa. Ƙwan zabi yana tasowa daga Doguwa a bayan akori-kura, ya sha ramukan hanyar nan har Kano, ko ɗaya bai fashe ba. Me ya sa? Dusa. A binne shi a dusa. Turawa ba su san wannan ba, don ba su da zabi."

Zulaihat ta ajiye kwano ta ce, "Allah ya ba da sa'a," irin faɗar da mace take yi idan ta ga yaro zai taɓa tukunya mai zafi kuma ta gaji da hana shi.

Dusar ma ba ta samu shiga ba. A wajenmu ba a aika wa ɗa saƙo zuwa wata ƙasa a bar kayan miya a baya, abin kunya ne ga uwa. Labari ya isa ruga, sai ga Baturiya, matar Ardo kuma uwar Mas'ud, ta sauka daga babur da ƙullin kaya a ka. Garin kuka kwano biyu, daddawa, yaji, da man shanu cike da kwalba, an toshe bakin da leda da tsumma.

"A haɗa masa," ta ce. "Shekara biyu yaron nan bai sha miyar kirki ba."

Wani ɗan kasuwar zai ce babu wuri. Balarabe ya dubi kukar, ya damƙa, ya murza a yatsu, idonsa ya yi haske.

"Inna, Allah ne ya kawo ki. Wannan ai ta fi dusa laushi."

Ya samo babban gwangwanin madara. Ya zuba kuka har rabi, ya kwantar da madubi tsirara a kai, ya jera daddawa a gefe ta zama matashi, ya cusa kwalbar man shanu a tsakiya don kada ta yi motsi, ya cike da sauran kukar ya danne murfi. Sannan ya ce sai an yi gwaji, don manyan kamfanoni haka suke yi.

Rufin shagona ya zaɓa, wai ya fi tsawo. Na ce a'a, ya ce don ci gaban gari ne. Ya hau da tsani, kwano yana ƙara a ƙarƙashinsa, kuma wurin da ya taka har yau yana yoyo a kan keken ɗinkina. Jama'a suka taru. Ya ɗaga gwangwani sama.

"Jama'a ku shaida! Haka ake jefa kaya a filin jirgi!"

Ya saki. Gwangwani ya daki bakin kwata, murfi ya yi sama, kuka ta tashi kamar hayaƙi ta rufe layin gaba ɗaya. Mai nama ya yi atishawa, mai goro ya yi, wata akuya ma ta yi. Shayin Uzairu ya koma kore. Madubi kuwa ya gangara ya tsaya a ƙafar wani mai rake. Kwalbar man shanu ce kaɗai ba ta ji komai ba.

Uzairu ya ɗauki madubin ya busa, ya ɗora a ido ya juya wajen Balarabe da ke kan rufi.

"Innalillahi. Jama'a, Balarabe ya zama biyu. Ɗaya ma ya muka ƙare da shi?"

Balarabe ya sauko ya fizge, ya leƙa, ya ce shi bai ga wata matsala ba, amma tunda mutane suna da ƙorafi zai duba. Ya ari sukundireba a wurin mai gyaran rediyo, ya shimfiɗa ɗankwali a kan benci, ya warware madubin Ardo gunduwa-gunduwa. Ya goge gilasan da bakin rigarsa. Ya ga abin murɗawa na tsakiya yana ɗan tauri, sai ya buɗe kwalbar Baturiya ya lakato man shanu ya shafa masa. Da ya gama mayarwa, sai ga wani ɗan gilashi mai kusurwa uku ya rage a kan ɗankwali.

"Wannan fa?" na tambaye shi.

"Ƙari ne. Kamfani suna sakawa ko da wani zai ɓata."

Ya jefa shi a aljihu. Aka share kukar da ta sharu, Baturiya ta ƙaro wata, aka sake cusawa. Wannan karon ya naɗe gwangwanin da robar tayar babur har sai da ya koma kamar ƙullin maganin gargajiya.

Ranar da zai kai shi Kano ni ma ina da sayen zare da yadi, sai muka shiga mota ɗaya. Ya sa babbar riga, ya rungume gwangwani a cinya, ya hana kowa jingina da shi. Kafin mu kai Kwanar Dangora duk motar ta san cewa kayan Katar ne. A shingen bincike wani jami'i ya leƙo, ya ga mutum da babbar riga yana rungume da abu naɗe da roba.

"Malam, mene ne wannan?"

"Kayan ƙasar waje ne," in ji Balarabe da ƙarfi, don na baya su ji.

"Sauko."

Aka kwance roba a gefen titi. Jami'in ya ga koren gari, ya tura hannu, ya zaro madubin hangen nesa. Fuskarsa ta canza. Mutumin da ya fito daga hanyar dajin Falgore da madubin hangen nesa a ɓoye cikin gari, ba sai an yi wa jami'i dogon bayani ba. Ya kira babbansu.

"Wa kake hango wa?" in ji babban.

"Raƙuma, ranka ya daɗe."

"A Falgore?"

"A Katar."

"Wannan garin fa?"

"Kuka ce."

"To ci mu gani."

Wanda bai taɓa cin busasshiyar kuka ba ba zai gane ba. Balarabe ya dumbuza ya watsa a baki. Ta manne a ganɗa, ta toshe maƙogwaro, ya nemi ruwa. Da ruwa ya shiga sai ta tuna aikinta, ta fara yauƙi. Yana so ya yi bayani, magana tana fitowa da zare. Babban ya ce ya ƙara, don a tabbatar. Ya ƙara. Fasinjoji suka sauko kallo, direba ya kashe mota.

Can babban ya goge madubin a wandonsa ya ɗora a ido. Ya juya gabas, ya juya yamma, ya murɗa, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe.

"Wannan ai ido ɗaya duhu ne, ɗayan kuma hazo."

"Na sahara ne, ranka ya daɗe," in ji Balarabe yana share haɓa. "An saita shi da nisan can. Nijeriya ta yi masa kusa."

Babban ya dubi yaransa, ya miƙa masa kayansa. "Tafi. Duk wanda ka kai wa wannan, taimakonmu ka yi."

Muna komawa mota Balarabe ya juyo gare ni, leɓe kore shar. "Ka ji da kunnenka. Hukuma ta gwada ta yaba."

A Kano na bar sayen zarena na bi shi, don na ga abin ba na bari ba ne. Ofishin masu aika kaya na farko, wata mata ce a kan tebur. Ta tambayi abin da ke ciki, ya lissafa mata da alfahari. Ta ajiye biro.

"Gari ba ma ɗauka. Mai ba ma ɗauka. Madubi kuma sai a kwalinsa na asali, da takardar saye, da inshora. Ina kwalin?"

"Hajiya, kin san ƙwan zabi?"

"Na gaba," ta ce.

A ofis na biyu mutumin ya shinshina gwangwanin kawai ya nuna mana ƙofa. A na uku mai gadi ne ya tare mu tun daga waje, wai an yi waya. Balarabe ya ce duk baƙin ciki ne, sun ga ɗan ƙauye zai ƙwace musu kasuwa.

Abin da ya cece shi shi ne hanyar da muka gada, wato a nemi mai tafiya a liƙa masa. Aka yi ta waya har aka gano wani Aminullahi, mutumin Kiru, wanda zai tashi jibi zuwa Katar aikin tuƙin tankar ruwa. Bawan Allah ne mai kunya. Ya ce jakarsa ta cika. Balarabe ya tuna masa cewa kakarsa ta wajen uwa ta taɓa zama a garin Ƙofa tana maƙwabtaka da wata gwaggon Ardo. Da zumunci ya shigo, Aminullahi ya cire takalmansa na sanyi daga jakar ya sa gwangwani. Daga baya mun ji cewa ya sha tambayoyi a filin jirgin can har ya kusa kuka, kuma ya rantse ba zai ƙara ɗaga wayar da ta fito daga Tudun Wada ba. Sansanin raƙuman yana da nisa da birni, saboda haka gwangwanin ya yi sati uku a bayan kujerar tanka, a zafin ƙasar da ake cewa ƙwai yana dahuwa a kan mota.

Da labari ya zo cewa saƙo zai isa hannun Mas'ud ranar Asabar, Balarabe ya ce wannan ba abin da za a yi a ɓoye ba ne. Ya kafa rumfa a gaban shago, ya jero kujerun roba, ya ɗauko babbar talabijin daga gidan kallon ƙwallo da janareta, aka haɗa ta da waya. Ya sa mai shela ya zaga kasuwa. Bayan la'asar wurin ya cika maƙil. Ardo Mudi ya zo da mutanen ruga kusan ashirin, kowa da sandarsa. Mata suka zauna gefe guda, Baturiya da Zulaihat a gaba. Aka kawo Alhaji Magaji a babur aka ba shi kujerar tsakiya. Balarabe ya rataya mukullin shago a wuya da sabuwar igiya, ya yi jawabi na kusan rabin awa, inda ya bayyana cewa reshe na gaba a Dubai zai buɗe, na bayansa kuma a Saminaka.

Aka kira. Fuskar Mas'ud ta cika talabijin, ya yi baƙi ya rame, rawani a kansa, bayansa yashi har iyakar gani da raƙuma suna tsaye. Baturiya ta rufe baki da mayafi. Aka yi gaisuwa da Fulatanci mai tsawo, Balarabe yana ta duba agogo.

"Malam Mas'ud," ya katse su, "duniya tana jira. Buɗe."

Mas'ud ya jingine wayar, ya tsuguna ya kwance roba. Murfin bai jira shi ba, ya yi tsalle da kansa. Mas'ud ya ja da baya, sannan ya matso a hankali ya leƙa. Zafi ya narkar da man shanu, toshiyar kwalba ta fice, mai ya bi kuka da daddawa da yaji ya haɗa su wuri guda, suka yi sati uku suna dahuwa. Ya tura hannu har wuyan hannu ya jawo wani abu ta igiya. Abin ya fito a hankali, kore, yana ɗiga, yauƙi yana binsa har cikin gwangwani.

Janareta kaɗai ake ji.

"Kun gani?" in ji Balarabe. "Ko ƙwarzane babu. Ɗora a ido!"

Mas'ud yaro ne mai biyayya. Ya ɗora. Da ya sauke, da'ira biyu kore sun zagaye idanunsa.

"Me ka gani?" Ardo ya tambaya.

"Baffa, miya."

"Murɗa na tsakiyan!" Balarabe ya daka tsawa. "Juya wajen raƙuma!"

Bai sha wahalar juyawa ba, don raƙumin ya riga ya zo. Ƙamshin daddawa ne ya jawo shi. Muna kallo wani dogon wuya ya sauko ta saman kafaɗar Mas'ud, leɓe ya kama madubin, ya ɗaga shi sama yana tsotsa. Mas'ud ya yi tsalle yana kama igiya, raƙumi ya juya ya yi gaba abinsa da sauri, wasu biyu suka bi shi.

"To ga shi nan," in ji Uzairu. "Mas'ud bai ga raƙumi ba, amma raƙumi ya ga madubi."

Dariyar da aka yi, mai rake sai da ya faɗo daga kujera. Mutanen ruga suna dukan ƙasa da sanduna. Mas'ud ya dawo yana haki, ya lakaci abin da ke cikin gwangwani ya kai baki. Hawaye suka zubo masa ta cikin koren.

"Inna, man gidanmu ne. Wallahi har ƙamshin ƙwaryarki."

Baturiya ta fashe da kuka tana dariya. "Nawa dai ya isa," ta ce wa matan da ke kusa. "Ni ban san na wasu ba."

"Baffa, da kun tambaye ni ma," in ji Mas'ud. Ya sa hannu cikin riga ya zaro wani madubin, baƙi, mai kyau. "Maigidana ya ba ni wannan tun satin da na zo."

Ardo ya miƙe tsaye a hankali. Ya dubi Balarabe daga hula har takalmi.

"Ka ce da ƙafarka za ka je ka gyara."

"Ardo, ai garantin bai haɗa da raƙumi ba."

"Ni ban ji ka cire raƙumi ba. Kun ji ya cire?"

"Bai cire ba!" jama'a suka amsa baki ɗaya.

Alhaji Magaji ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ba Ardo haƙuri, ya ce shago zai ɗauki nauyin abin da ya faru. Sannan ya juya, murya ƙasa-ƙasa kamar kullum.

"Balarabe, kai wa matarka mukulli."

Na ji tausayinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba. Ya cire igiyar daga wuya. Ya taka zuwa gefen mata da sauran ƙarfin halin da ya rage masa, ya tsaya, ya ɗaga murya.

"Zulai, riƙe mini wannan na ɗan lokaci, kafin in dawo daga Dubai."

Ya danƙa mukullin a hannun Baturiya.

Tsohuwa ta dubi mukulli, ta dubi Ardo. Ardo ya gyara riƙon sandarsa. Zulaihat, wadda take zaune kujera biyu daga nan da mayafi mai launi irin na tsohuwar, ta tashi ta karɓi mukullin ta ba Baturiya haƙuri. Ba ta yi dariya ba. Ta kama hannun rigar mijinta ta ja shi har cikin shago, ta zaunar da shi a kan kujerar gwaji, ta nuna allon haruffa da ke jikin bango.

"Baban Nabila, karanta layin sama."

"Wane layi?"

"Shekara tara ina gaya maka idonka yana son tabarau."

Ta buɗe akwati, ta gwada masa gilashi ɗaya, ta canza, ta sake canzawa, sannan ta zaɓo wani mai kauri ta ɗora masa a hanci ta juyo da shi wajen ƙofa. Balarabe ya ƙifta ido. Ya ga rumfa, ya ga kujeru, ya ga mutum sama da ɗari a tsaye suna leƙowa, kowace fuska tar, kowane haƙori a waje. Ya ga Uzairu yana share hawaye da tsumman shayi. Ya daɗe yana kallo.

"Zulai," ya ce a hankali, "dama haka suke yi idan ina magana?"

"Kullum."

Ya cire tabaran ya miƙa mata.

"Mayar da shi akwati. Wannan bai dace da fuskata ba."